Muhawara: Ta ina ake kamo bakin zaren kalmar "get" a Turanci?

Sabuwar Malama: Assalamu alaikum malamai. Ina neman a warware mini batun *get*. Ɗalibi zai buɗe ƙamus ya tarar da ma'anoninta sun cika shafi har sun tsallaka na gaba, sai gwiwarsa ta yi sanyi. Mafi yawan masu koyarwa "samu" kawai suke cewa su wuce, alhali a *it's getting late* da *get off the bus* da *he got arrested* babu inda "samu" ya shiga. Shin haddace ma'anonin za a sa yara su yi ɗaya bayan ɗaya, ko akwai ƙa'idar da ta haɗa su?

Malamin Nahawu: Wa alaikumus salam Malama. Kada ki sa su hadda, ba za ta zauna ba. Ki koya musu su daina kallon *get* ɗin kanta, su kalli abin da ya biyo bayanta, domin shi ke yanke ma'ana.

Idan suna ne ya biyo, abu ne ya shigo hannun mutum, ko ba shi aka yi, ko saya ya yi, ko ɗaukowa: *I got a letter*, *she got a new phone*, *get a chair*. A nan ne kaɗai "samu" yake aiki, shi ma ba kullum ba, don *get a chair* "ɗauko kujera" ne. Idan sifa ce ta biyo, hali ne ya sauya: *get angry*, *get wet*, *get better*. Idan wuri ne, isa ne: *get to the station*. Idan siga ta uku ta wani aikatau ce, wato irin su *caught*, *paid*, *broken*, to wani abu aka yi wa mutum ko abin: *he got caught*. Idan kuma mutum ne ya biyo sannan *to* da aikatau, sa wani aiki ne: *I got him to sign*.

Abin da ya haɗa su duka shi ne sauyi. Da babu, yanzu akwai. Da ba haka yake ba, yanzu ya zama haka. Da ba ya can, yanzu ya isa. *Have* da *be* suna faɗin halin da ake ciki, *get* tana faɗin shiga halin. Wanda ya riƙe wannan ya gama da rabin wahalar.

Tafinta: Na goyi bayan Malam, kuma a nan ne mai Hausa ya fi tuntuɓe, saboda yadda harshenmu yake gina magana. Mu da sigar abin da ya riga ya faru muke faɗin halin da muke ciki yanzu: na gaji, ya tsufa, ta warke, rigar ta jiƙe. Sai mai koyo ya ga "na gaji" ya ce ai shuɗaɗɗen lokaci ne, ya rubuta *I got tired*. Bature in ya ji haka zai jira ƙarshen labari, domin abin da aka ce masa shi ne "gajiya ta kama ni a wani lokaci can". Wanda yake nufin yanzu a gajiye yake, *I am tired* zai ce. Uku ne a jere, kuma kowanne da wurinsa:

*I'm getting tired*, na fara gajiya.
*I got tired*, gajiya ta kama ni a lokacin.
*I'm tired*, na gaji, yanzu haka.

Haka batun aure. *They got married in 2015* daidai ne, domin ranar ɗaurawa ake nufi. Amma *they got married for ten years* kuskure ne, tunda *get* lokacin shiga take nunawa, ba ta ɗaukar tsawon zama. Sai dai *they have been married for ten years*. Kuma *married to* ake cewa, ba *married with* ba. Wannan *with* ɗin "da" ɗinmu ne na "ta yi aure da wane" yake biyo mu.

Sai kuma kishiyar matsalar, inda muke da "samu" amma Turanci ba ya son *get*. "Na same shi a ofis" *I found him in the office* ne. "Me ya same ka?" *What happened to you?* "An samu matsala" *there was a problem*. "Na samu labari" galibi *I heard*. Saboda haka ni ina ganin fassarar "samu" tana ɓata fiye da yadda take gyarawa, gara a bar ta gaba ɗaya a darasin farko.

Malamin Nahawu: A bar ta gaba ɗaya kam ban yarda ba, ɗan'uwa. Yaro yana bukatar inda zai dafa. *Get a job*, *get a message*, *get a chance*, *get permission*, duk "samu" ne tsaf. A ba shi, amma a gaya masa iyakarsa: sai in suna ya biyo baya.

Tafinta: In za a faɗi iyakar a rana ɗaya da fassarar, na amince. Abin da nake gudu a bar shi wata uku yana zaton *get* da "samu" abu ɗaya ne.

Mai Duba Rubutu: Ni tawa damuwar daban ce. Kuna ta maganar yadda za a koyar da ita, ni kuwa ina ganin a rubutu rage ta ya kamata a koyar. Kalma ce ta baka. Takardar neman aiki ko rahoto ko amsar jarrabawa da aka cika da *got* tana nuna marubucin bai nemi kalmar da ta dace ba. *I got my degree* ya koma *I obtained my degree*. *We got your letter* ya koma *we received your letter*. *The situation got worse* ya koma *the situation worsened* ko *became worse*. *They got there at noon* ya koma *they arrived at noon*. Kowace daga cikin waɗannan ta fi *get* fayyace abin da ya faru.

Ɗan Ƙamus: Malam Mai Duba, a takardun hukuma da rubutun ilimi maganarka dutse. Amma in aka mayar da ita doka ta ko'ina, ɓarnar da take haifarwa ta fi gyaran. A lissafin da masu ƙamus na Oxford suka fitar daga tarin rubuce-rubucen Turanci, *get* ce ta biyar a aikatau da aka fi amfani da su, bayan *be*, *have*, *do* da *say*. Kalmar da ke wannan matsayi ba a korar ta daga harshe.

Ga abin da ke faruwa in aka tsorata ɗalibi da ita. Zai rubuta *I obtained a cold*, ko *she received a headache*, ko *they became married*. Duk ukun ba Turanci ba ne. *Obtain* tana bukatar a ce an nemi abin da gangan, ba wanda ke neman mura. *Receive* tana bukatar wani ya aiko ko ya miƙo. *Become* kuma ba ta shiga waɗannan ƙayyadaddun maganganu: *get married*, *get dressed*, *get changed*, *get ready*. *Get up* ma in ka mayar da ita *rise* ko *arise* a hirar yau da kullum, ka koma Turancin tsofaffin littattafai. *Get rid of* kuwa a rubutu mai nauyi za ka iya cewa *remove* ko *eliminate*, amma a magana babu abin da ya kai ta.

Mai Duba Rubutu: Ban ce a kore ta ba. Na ce a san inda take sauka. Amma na karɓi batun *obtain*, domin ita ce aka fi cusawa inda ba gurbinta ba. Gwajin da nake bayarwa shi ne: kafin ka cire *get*, tambayi kanka ta yaya abin ya zo. Aiko shi aka yi? *Receive*. Nema aka yi aka bi matakai? *Obtain*. Kuɗi aka biya? *Buy*. Gumi aka yi? *Earn*. Cuta ce? *Catch*, ko a bar *get* ɗin yadda take. In ba ka iya amsa tambayar ba, kada ka taɓa jimlar.

Sabuwar Malama: Na gode ƙwarai. To *become* fa? Yaushe ake tilasta amfani da ita?

Malamin Nahawu: In suna ne zai biyo baya. *She became a doctor*, ta zama likita. In kika ce *she got a doctor*, kin koma ƙa'idar farko, wato ta samo likita. Da sifa kuwa duka biyun suna shiga, *get* a baka, *become* a rubutu. Sai ki lura ba kowace sifa ce ke tafiya da *get* ba. Lalacewar da ta shafi jiki ko hankali ko kaya sau da yawa *go* take ɗauka: *go blind*, *go deaf*, *go bald*, *go mad*, *go wrong*. Launi *turn* ko *go*: *turn red*. Barci *fall asleep*, mafarki *come true*. Waɗannan kam sai an riƙe su a haɗe, kamar yadda mu ma ba mu cewa "ya yi makanta" a inda ake cewa "ya makance".

Inda *get* ta fi ƙarfi shi ne sauyi a hankali da kwatanci: *it's getting darker*, *prices are getting higher and higher*, *he's getting better*.

Malamar Furuci: Kafin a yi nisa, a taɓa batun isa wuri, don kuskure biyu ne a ciki masu cin karo da juna. *Get* tana son *to*: *get to school*, *get to the airport*. Amma da *home*, *here*, *there* ba a sa shi: *get home*, *get there*. *Reach* ba ta son komai tsakaninta da sunan wurin: *reach the airport*, ba *reach to* ba. *Arrive* kuma *at* ko *in* take ɗauka, ba *to* ba. Mai koyo yakan kwashe *to* ɗin *get* ya kai wa sauran biyun, shi ya sa ya fi kyau a rubuta su ukun a allo lokaci guda.

Ɗan Ƙamus: Bari in kawo batun da ke raba kan malamai, wato *gotten*. Wasu suna jan jan biro a kansa suna cewa Turancin Amurka ne da ya lalace. Tarihi bai goyi bayansu ba. Kalmar *get* ta shigo Turanci ne daga tsohon harshen mutanen Arewacin Turai, inda take *geta*, kuma *gotten* tsohuwar siga ce da aka yi amfani da ita a Ingila kanta. Waɗanda suka ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 17 sun tafi da ita suka riƙe, mutanen Birtaniya kuma daga baya suka gajarta zuwa *got*. Sawunta yana nan a Turancin Birtaniya har yau: *forget* siga ta uku *forgotten* ne, kuma ana cewa *ill-gotten gains*, wato dukiyar haram.

Sigogin ke nan: a Birtaniya *get, got, got*, a Amurka da Kanada *get, got, gotten*.

Amma kada a zaci Ba'amurke yana sa *gotten* ko'ina. Yana rarrabewa, kuma rarrabewar tana da amfani. *I've got a car* mallaka ce, ina da mota. *I've gotten a car* samu ne, na samo mota. *She's gotten taller*, ta ƙara tsawo. Ba zai taɓa cewa *I've gotten two brothers* ba in yana nufin yana da 'yan'uwa maza biyu. To wanda ya zaɓi Turancin Birtaniya ya tsaya kan *got* ko'ina ya huta. Wanda ya zaɓi na Amurka dole ya koyi wannan rarrabewar. Abin da ba a so shi ne gauraya su a takarda ɗaya.

Mai Duba Rubutu: Wannan na ƙarshe shi ne ma'aunina. Ba na soke *gotten* don kanta, sai in na ga marubucin ya rubuta *colour* da *centre* irin na Birtaniya sannan ya kawo *gotten*.

Malamin Nahawu: Tunda an ambaci *I've got*, a tsaya a kanta, domin a nan ƙa'idar sauyi da na faɗa ba ta aiki, kuma dole a gaya wa ɗalibi haka ƙarara. *Have got* a siffa kamar abin da ya wuce ne, amma a ma'ana *have* ce kawai ta yanzu. *I've got a pen* da *I have a pen* abu ɗaya ne. Bambancin yana wajen tambaya da korewa:

*Have you got a pen? No, I haven't. I haven't got one.*
*Do you have a pen? No, I don't. I don't have one.*

Layi biyu ne, ba a tsallaka daga ɗaya zuwa ɗaya a tsakiyar jimla. *Do you have got* babu shi. *I don't have got* babu shi.

Sannan *have got* ta yanzu ce kaɗai. In za a koma baya, *had*: *I had a bicycle when I was ten*, *did you have one?* In za a yi gaba, *will have*. Bayan *to* ko *can* ko *must* ma *have* ce tsura: *I want to have*, ba *to have got* ba. Kuma ba ta shiga inda *have* take nufin aikata wani abu. *I have a bath every morning* wanka ne. *I've got a bath* kuwa cewa ka yi kana da bahon wanka a gida.

Wani abu da nake so a kula da shi: a Turancin buroka ana cewa *I get* da nufin "ina da". A daidaitaccen Turanci *I get money* ba ya nufin ina da kuɗi, yana nufin nakan samu kuɗi, a kai a kai. Haka *I get headaches* ciwon kai yakan dame ni, *I've got a headache* kaina na ciwo yanzu.

Tafinta: Ga wasu biyu da harafi biyu kawai ya raba su, amma ma'anarsu ta yi hannun riga:

*I've got to see him*, dole in gan shi.
*I got to see him*, na samu damar ganinsa.

Na farko *have got to* ne, ɗan'uwan *must* da *have to*. Na biyu *get to* ne da aikatau, wato samun dama. "Ban samu na je ba" *I didn't get to go*. Matsalar ita ce a magana da sauri, musamman a Amurka, ana haɗiye *'ve* ɗin, sai ka ji *I gotta see him*, kuma dole ake nufi. Mai saurare ya duba lokacin da ake magana a kai: in gobe ne ko yanzu, dole ne, in jiya ne, dama ce. A rubutu kuma *gotta* ba ta da wuri sai in ana kwaikwayon maganar wani.

Korewar ma da tarko. *You haven't got to go* da *you don't have to go* suna nufin ba dole ba ne, in ka so ka je. Hani kuwa *you mustn't go* ne.

Sabuwar Malama: Batun sa wani aiki fa, Malam, irin *I got him to sign*? Ɗalibai suna rikita shi da *make*, ni ma ina so in ji bambancin dalla-dalla.

Malamin Nahawu: Dalilin rikicin shi ne mu "sa" ɗaya muke da shi, "na sa shi ya gyara", su kuwa sun raba shi uku. *I made him fix it*, tilasta shi na yi. *I had him fix it*, aikinsa ne, na ba shi umarni ya yi. *I got him to fix it*, sai da na lallashe shi ko na sha fama kafin ya yi. Ki lura *get* ce kaɗai ke ɗaukar *to* a cikinsu. Kuskuren da za ki fi gani biyu ne, *I got him fix it* da *I made him to fix it*, wato an ɗauke *to* daga inda ake bukatarsa an kai inda ba a so.

In ba a damu da wanda ya yi aikin ba, sai a kawo abin, sannan siga ta uku: *I got my phone repaired*, na kai an gyara mini waya. *She got her hair cut*. Jerin kalmomin ba ya sauyawa: *get*, sai abin, sai siga ta uku. *I got repaired my phone* kuskure ne. Kuma *I repaired my phone* yana nufin da hannunka ka gyara, wanda sau da yawa ba shi mai maganar ke nufi ba.

Wannan ginin yana da fuska biyu kuma. *I must get this report finished tonight* ba wani za ka ba ba, kai ne za ka dage ka kammala. *He got his wallet stolen* kuma ba shi ya sa a sace ba, tsautsayi ne ya faɗa masa. Ma'anar jimlar ce ke nuna wanne ake nufi. In kuma aka sa *-ing*, tayar da abu ne ya kama aiki: *we got the engine running*, *that got everyone talking*.

Ƙaramin abu amma mai amfani: *get me the file* da *get the file for me* ɗauko mini ne. *Get the file to me by Monday* kuwa ka tabbata ya iso hannuna ne. *For* da *to* ba ɗaya ba ne a nan.

Tafinta: Sai sigar "an yi", wadda ita ce mafi kusa da Hausa. "An kama shi" *he was caught* ko *he got caught*. Amfanin *get* a nan shi ne tana kawar da shubuha. *The window was broken* zai iya nufin tagar a fashe take, zai iya nufin an fasa ta. *The window got broken* faruwar kaɗai yake nufi. Shi ya sa ta fi zuwa da abin da ya auku ba zato: *got hurt*, *got fired*, *got stuck*, *got bitten*. Ba sharri kaɗai ba, akwai *got promoted*, *got paid*, *got elected*.

Ba ta shiga aikatau na hali, waɗanda babu wani abu da ya faru a cikinsu. *He is known*, *she is liked*, *it is believed*. Ba a cewa *it gets believed*. Kuma wajen tambaya *do* take nema, saɓanin *be*: *was he caught?* amma *did he get caught?* *Got he caught* babu shi. In aka ƙara *himself*, an ɗora masa alhaki ke nan: *he got himself arrested*, shi ya jawo wa kansa.

Mai Duba Rubutu: A rahoto dai *was* za a rubuta. *The samples were tested*, ba *got tested* ba. A nan ba na sassautawa.

Ɗan Ƙamus: A nan babu mai ja da kai.

Malamar Furuci: Abin hawa kuma, Malama, kina da sa'a domin Hausa ta riga ta share miki hanya: hau da sauka *get on* da *get off*, shiga da fita *get in* da *get out of*. Abin da ya rage a san wane abin hawa ke ɗaukar wanne. Wanda mutum zai iya miƙewa tsaye ya taka a cikinsa, bas, jirgin ƙasa, jirgin sama, babban jirgin ruwa, *on* da *off*. Wanda ake ɗarewa, keke, babur, doki, shi ma *on* da *off*. Wanda sai an sunkuya an zauna, ƙaramar mota da tasi, *in* ko *into* da *out of*. To *get off the bus* amma *get out of the car*.

Inda Hausa take yaudara shi ne "sauka daga mota", sai a ce *get down from the car*. *Get down* saukowa ne daga abu mai tsayi, tsani ko bishiya ko katanga. Kuma kada a yar da *of*: *get out of the room*. In babu suna a baya ne ake cewa *get out* kawai.

Malamin Nahawu: Sauran maganganun da ƙananan kalmomi ke biyo bayan *get* su ne na yarda a haddace, amma a cikin jimla, kuma kaɗan-kaɗan. *Get over* warkewa daga cuta ko baƙin ciki. *Get on with* a Birtaniya, *get along with* a ko'ina, jituwa da mutum. *Get on with your work* kuma ci gaba da aikinka. *Get by* lallaɓawa da ɗan abin da ke hannu. *Get away* tserewa, *get away with* yin laifi a sha. *Get through* samun mutum a waya, ko ƙetare wani mawuyacin hali. *Get back to someone* waiwayarsa da amsa, *get back at someone* ramuwa. Harafi biyu ne tsakaninsu, kuma kuskure a nan a wasiƙar aiki ba ƙarami ba ne.

Ƙa'ida ɗaya ce take taimakawa. In *get* tana motsa wani abu ne, wakilin suna a tsakiya yake zama: *get it back*, *get it out*, *get it across*. In mutum ne da kansa yake ƙetare abu ko sauka daga kansa, a ƙarshe yake zama: *get over it*, *get off it*, *get through it*. Shi ya sa *get over it* ka manta da shi ne, *get it over with* kuma a yi a gama a huta.

Tafinta: A haɗa da *get used to*, domin *to* ɗinta ba irin na gaban aikatau ba ne, suna ko *-ing* yake ɗauka. *I'm getting used to waking early*, ina sabawa. *I'm used to waking early*, na saba. *I used to wake early*, a da nakan yi, yanzu na daina, kuma wannan na ukun ne kaɗai ke ɗaukar aikatau tsura. *Get round to* ma haka: *I never got round to replying*.

Sabuwar Malama: Allah ya saka da alheri. Saura *I don't get it* da *I'll get it*, na ga ba su shiga ko ɗaya daga cikin rukunan ba.

Ɗan Ƙamus: Sun shiga na farko, Malama, tunda *it* a gurbin suna take. *I don't get it* ma'anar ce ba ta shigo ba, wato ban gane ba. *Got it* na gane, ko na karɓa. *I'll get it* in waya tana ƙara ko ana ƙwanƙwasa ƙofa, ni zan amsa. Abin kiyayewa shi ne ba a yar da *it* ɗin. Mu muna cewa "na gane" mu tsaya, amma *I get* ko *I don't get* ba su tsayawa su kaɗai. Kuma *do you get me?* tsakanin abokai ne. Ga babba ko a wurin aiki *does that make sense?* ya fi ladabi.

Malamar Furuci: Rubutu da furuci ne suka rage. *Getting* da *t* biyu, saboda gaɓa ɗaya ce da ta ƙare da wasali ɗaya da baƙi ɗaya, kamar *sitting* da *running*. *Forgetting* ma haka, tunda nauyin kalmar a gaɓar ƙarshe yake, amma *targeting* da *t* ɗaya domin nata nauyin a farko yake.

*G* ɗin irin na "gero" ne a furuci, ba irin na *general* da *gentle* da ake faɗa kamar "j" ba. Waɗancan ta Faransanci suka shigo, *get* da *give* kuwa daga Arewacin Turai, shi ya sa suka riƙe nasu sautin. Wasalin gajere ne. In aka ja shi ya koma *gate*, sai *get out* ta zama wani abu daban a kunnen mai saurare. A Turancin Amurka kuma, in *t* ta faɗo tsakanin wasula biyu, kamar a *getting*, *get up*, *get it*, harshe taɓa dasashi kawai yake yi da sauri, sai ta fito kusa da "r" ɗinmu mai bugu ɗaya. Ba dole ɗalibi ya furta haka ba, amma a sa shi ya saurari jimlolin a haɗe, ba kalma-kalma ba, don ya gane su in ya ji. Ki fara da gajeru guda huɗu, *get up*, *get in*, *get out*, *get off*, a faɗe su da *t* bayyananniya, sannan a sake faɗa da sauri.